Ragin kuɗin haya a madadin kwashe dusar ƙanƙara: riba ce ko ɗaukar wa kai?

Dattijo, Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan uwa, musamman waɗanda Allah ya kai su ƙasashen sanyi. Ɗana yana karatun digiri na biyu a birnin Hamilton na lardin Ontario a Kanada, yana kuma haya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida. Mai gidan ya yi masa tayin rage masa dalar Kanada 100 a kowane wata daga Disamba zuwa Maris, da sharaɗin shi ne zai riƙa kwashe dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa da mashigar mota da hanyar masu tafiya a ƙafa da ta bi ta gaban gidan. Yaron ya nuna yana so, ni kuma da nake tura masa abin da ya sawwaƙa a wannan hali da canji yake ciki, ba zan ce ragin bai shiga raina ba. Mahaifiyarsa ce ta ce ba ta yarda ba, domin ta ji labarin mutanen da suka faɗi suka mutu da shebur a hannu. Shin wannan aiki ne da ɗalibi zai iya haɗawa da karatu?

Injiniya, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Baba. Ni a ganina babu abin dogon nazari a nan, ya karɓa. Saurayin da ya tashi a Zariya, ya yi noma, ya ja ruwa a rijiya, ba shebur ne zai gagare shi ba. A lissafa dala 400 a kuɗinmu a ga abin da ta kama. Yaranmu da yawa idan sun fita waje sukan fara ganin wasu ayyuka sun fi ƙarfin a sa su, alhali 'ya'yan masu ƙasar da shi suke tara kuɗin kashewa tun suna sakandare. A rarrashi Hajiya, tausayin uwa ne kawai.

Bazazzagi a Buffalo:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina zaune a Buffalo ta jihar New York, tazarar da ba ta wuce tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota ba daga inda ɗanka yake, kuma na daɗe ina wannan aiki a ƙofar gidana. Ina girmama ra'ayin Injiniya, amma ya auna ƙarfin yaron ne, bai auna sharaɗin ba. Wahalar wannan aiki ba a damtse take ba, a lokaci take. Dusar ƙanƙara ba ta duba jadawalin jarrabawa. A Hamilton dokar birni ta ba da awa 24 bayan ta daina zuba a share hanyar masu tafiya a ƙafa, idan ba a yi ba hukuma tana iya turo masu yi ta ɗora kuɗin a kan mai gida. Amma wanda ya san aikin ba ya jiran awa 24 ɗin, domin da zarar mutane sun tattake ta, ko mota ta bi ta kai, sai ta danne ta zama ƙanƙara mai tauri wadda shebur ba ya ɗagawa sai an sa ƙarfen sara. Saboda haka idan aka ce za ta kwana tana zuba, mutum yakan fita da magariba ya rage, ya sake fita kafin ya kwanta, sannan ya fita bayan sallar asuba. Kwasar santimita 10 sau uku ta fi kwasar santimita 30 sau ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da baƙo ba ya sani sai ya gani. Ka gama share mashigar mota tas, gumi ya jiƙa maka riga a ƙarƙashin rigar sanyi, ka jingine shebur kana shirin shiga ciki, sai ka hango fitilar motar gwamnati mai ture dusar titi tana walƙiya daga ƙarshen layi. Tana wucewa za ta bar maka tudu a daidai bakin mashigar, wani lokaci ya kai gwiwa, wani lokaci ya kai ƙugu, kuma ba irin dusar nan mai laushi ba ce, curarriya ce da ta gauraya da gishiri da laka. Direban ba mugunta yake yi ba, haka bakin motar yake zubarwa gefen dama. Idan ka bar tudun nan ya kwana sanyi ya ƙaru, da safe ya daskare. Wannan tudu shi ne rabin aikin, kuma shi ne yake karya bayan mutane.

Ban ce kada ya karɓa ba. Cewa na yi ya san daga Disamba zuwa Maris ya ɗaure kansa, ba zai yi tafiyar kwana uku ba sai ya nemi wanda zai tsaya masa.

Malamin labarin ƙasa, Samaru:
Bari in sa lissafi a cikin maganar, domin mu da muke gida idan muka ga dusar ƙanƙara a hoto sai mu ɗauka ba ta da nauyi. Sabuwar dusa busasshiya, wadda ta zuba cikin tsananin sanyi, nauyinta yakan kai kilo 50 zuwa 100 a kowace mita kubik. Wadda ta zuba lokacin da sanyi yake dab da sifili tana ɗauke da ruwa, tana iya kaiwa kilo 300. A ƙaddara mashigar mota da hanyar ƙafa da matakala sun haɗu sun kai murabba'in mita 60, kuma an samu zubar santimita 30. Wannan mita kubik 18 ke nan. Idan busasshiya ce a kan kilo 100, mutum ya ɗaga tan ɗaya da kilo 800. Idan jiƙaƙƙiya ce, ya haura tan biyar, wato nauyin buhun siminti ɗari da ɗoriya, a safiya guda, kafin ya kama hanyar makaranta. Injiniya ya fi ni sanin abin da leburori suke karɓa idan aka ce su sauke wannan adadi.

Sai dai adalci ne in ce Hamilton ba Buffalo ba ce. Buffalo tana gabashin tafkin Erie, kuma idan iska mai tsananin sanyi ta taso daga kudu maso yamma takan bi tsawon tafkin, kusan kilomita 390, a kan ruwan da bai riga ya daskare ba. Ruwan ya fi iskar ɗumi, sai ta kwashi tururi, tana isa tudu ta juye shi a kan wani siririn yanki. Abin da ya sa a Nuwamban 2014 wasu garuruwan kudancin Buffalo suka samu kusan mita biyu a cikin 'yan kwanaki ke nan, alhali unguwannin arewacin birnin ba su ga abin a zo a gani ba. Erie shi ne mafi ƙarancin zurfi a manyan tafkunan yankin guda biyar, saboda haka yakan daskare a tsakiyar hunturu, abin ya lafa. Hamilton kuwa tana yammacin tafkin Ontario, iskar da ta fi yawa tana kwashe dusar tafkin zuwa gabas, nesa da ita, sai in iska ta juyo daga gabas. Za a samu manyan zuba a shekara, amma ba irin na maƙwabtansu ba.

Ma'aikaciyar jinya, Gyallesu:
Baba, ina wuni. Abin da Hajiya ta ji gaskiya ne, ba tsoron uwa ba ne kawai. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, hawan jini ya ƙaru, a daidai lokacin da aikin shebur yake neman zuciya ta ƙara bugu. Aikin kuma na hannuwa ne da kafaɗa, mutum yana tsaye wuri ɗaya, yana riƙe numfashi duk lokacin da zai ɗaga, kuma yawanci da sassafe ake yinsa, jiki bai warware ba. Wani bincike da aka yi a kan bayanan asibitocin lardin Quebec, aka buga a mujallar ƙungiyar likitocin Kanada a 2017, ya nuna cewa kwantar da maza saboda bugun zuciya da mutuwarsu daga gare shi suna ƙaruwa washegarin zubar dusa mai yawa. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu shekaru, da masu hawan jini ko ciwon suga, da masu shan taba, da wanda ya shekara a zaune sannan rana ɗaya ya ɗauki shebur. Idan ɗanka saurayi ne mai lafiya, haɗarin a kansa kaɗan ne, amma ya auna jininsa kafin ya fara, domin hawan jini ya yi yawa a cikin matasanmu kuma ba ya sallama. Idan ya ji nauyi a ƙirji, ko ciwo yana sauka hannun hagu ko haɓa, ko jiri, ya ajiye shebur ya kira lambar agajin gaggawa 911, kada ya ce bari in ƙarasa wannan layin.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali ma ba zuciyar ba ce, ɗakin ƙarƙashin ƙasan ne. A irin gidajen nan injin ɗumama gida da tukunyar ruwan zafi a ƙasa suke, kusa da inda yake kwana, kuma da yawansu da gas suke aiki. Sababbin injuna suna fitar da hayaƙinsu ta wani bututu da yake fitowa ta jikin bango, ba nisa da ƙasa. Idan dusa ta taru ta toshe bakin bututun, ko dai injin ya mutu gida ya yi sanyi, ko iskar kabon monoksaid ta dawo ciki. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai wadda take kashe mutane a nan gida lokacin hunturu, idan an shiga da kaskon gawayi ɗaki an toshe taga, ko an tayar da janareto a cikin shago an kwanta. Alamunta ciwon kai da tashin zuciya da kasala, sai mutum ya ɗauka mura ce ya ƙara jan bargo. Tun 2014 dokar Ontario ta wajabta sa na'urar da take ƙara idan ta ji wannan iska a kusa da ɗakunan kwana na duk gidan da ake ƙona mai ko gas a cikinsa. Ko ya karɓi aikin ko bai karɓa ba, a tambaye shi yau: akwai na'urar a ƙofar ɗakinsa, kuma ya danna ya ji tana aiki?

Injiniya, Sabon Gari:
Na gode da lissafin Malam, kuma ban musa ba. Amma tan biyar ɗin nan ba kullum ba ne, shi da kansa ya ce Hamilton ba ta kai Buffalo ba. Akwai makon da zai wuce ba a zuba komai ba, ragin kuma yana nan. Bayanin 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ya ƙara mini ƙarfi ne ma, tunda ta ce masu shekaru abin ya fi kamawa. Ina nan a kan bakana. Idan muka bi ta tsoro, ko tuƙin hanyar Zariya zuwa Kaduna ba za mu bar 'ya'yanmu su yi ba.

'Yar Tudun Wada a Montreal:
Sallama ga iyaye da yayye. A wannan karon ina bayan Injiniya, ko da yake dalilina daban ne. Wanda yake zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a biya shi ko kada a biya shi, sai ya riƙe shebur. Ƙofar irin waɗannan ɗakuna yawanci ta gefe take ko ta baya, ana sauka da matakala, kuma iska tana tara dusa a ramin matakalar fiye da ko'ina. Tagoginsa a daidai ƙasa suke, idan dusa ta rufe su ya rasa haske, ya kuma rasa hanyar fita ta biyu idan gobara ta tashi. Tunda dole ya share waɗannan don kansa, gara ya ƙara da gaban gida a rage masa haya.

Ni mace ce, kuma ni nake share namu idan maigida yana aikin dare. Dabara ta fi ƙarfi amfani. Shebur iri biyu ake bukata: mai faɗin baki wanda ake turawa da shi ba tare da an ɗaga ba, da ƙarami mai zurfi na ɗiba. Duk abin da za a iya turawa kada a ɗaga shi. Idan ɗagawa ta zama dole, a durƙusa da gwiwa, a ɗebi rabin shebur, a juya da ƙafa gaba ɗaya maimakon a murɗa ƙugu a watsa ta bayan kafaɗa. A farkon hunturu a riƙa kai dusar can nesa cikin fili, domin wanda ya tara ta a bakin hanya a Disamba zai rasa inda zai zuba a Fabrairu, tudun ya fi shi tsawo. Wanda yake fuskantar titi ya tara ta a gefen dama na mashigar, wato ɓangaren da motar turewa take nufa bayan ta wuce gidan, don kada ta dawo masa da abin da ya kwashe. Tufafi kuma a sa su hawa-hawa, kada na jikin fata ya zama auduga, domin auduga tana riƙe gumi, kana tsayawa sanyi ya kama ka.

Abin da nake tsoro ya fi dusa shi ne ruwan sama mai daskarewa. Yana sauka a matsayin ruwa, yana taɓa ƙasa ko waya ko reshe ya zama gilashi. Shi ne ya karya turakun lantarki a Quebec a Janairun 1998, miliyoyin mutane suka rasa wuta, wasu har makonni. Shebur ba ya maganinsa, sai gishiri. Gishirin ma yana da iyaka: idan sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili ƙarfinsa yakan ragu ƙwarai, sai a koma ga sinadarin kalsiyam kulorayid wanda ya fi tsada, ko a watsa yashi don ƙafa ta samu abin kamawa. A tambayi mai gidan tun yanzu wa zai riƙa sayen waɗannan, domin idan daga aljihun yaron ne, wani yanki na dala 100 ɗin ya tafi.

Dattijo, Ƙofar Doka:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira yaron na karanta masa abin da kuka rubuta. Ya ce na'urar tana nan kuma tana aiki, alhamdu lillahi. Ya ƙara mini da abubuwan da bai faɗa ba da farko. Gidan a kusurwa yake, inda layi biyu suka haɗu. Mai gidan dattijo ne da ya haura shekara saba'in, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wasu garuruwa, kuma likita ne ya hana shi aikin. Babu injin watsa dusa, shebur ne kawai. Maganar kuma da baki suka yi ta, mutumin ya ce zai ƙara layi ɗaya a takardar haya idan an amince.

Malam, Limancin Kona:
Alhaji, wannan ƙarin bayani ya sauya mini fuskar maganar. Mai gidan dattijo ne marar lafiya, kuma maƙwabci mafi kusa, tunda rufi ɗaya ya haɗa su. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a kan Musulmi kaɗai ba, kuma ya tabbata a hadisi cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Ƙanƙarar da za ta kayar da tsohuwa ta karya mata ƙugu tana cikin abin cutarwa ba tare da wani tawili ba. Da yaron zai yi don Allah, da ya samu lada, ya kuma nuna wa mutumin tarbiyyar gidan da ya fito. Karɓar ragin ma halal ne, ijara ce, ba abin kunya. Abin da nake jan hankali a kai shi ne kada a cakuɗa biyun. Malaman fiƙihu sun sharɗanta a ijara a san aikin a san ladan, don kada a bar ƙofar jayayya a buɗe. Idan taimako ne, ya yi gwargwadon ikonsa, ranar da ya kasa babu wanda zai tuhume shi. Idan kuwa ya karɓi kuɗi, ya zama amana a wuyansa, ranar jarrabawa da ranar zazzaɓi duk ɗaya ne. Mutanenmu suna da son barin magana a dunƙule saboda kunya, daga baya a zo ana cewa ai ban ɗauka haka kake nufi ba.

Ɗan Kwarbai a Mississauga:
Allah ya gafarta Malam, dokar Ontario ma a nan ta tsaya. Na yi karatun lauya a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya kafin in zo nan, kuma ko da yake abin da zan faɗa ba ya maye gurbin zuwa ofishin ba da shawarar shari'a, wanda jami'o'i da unguwanni suke da shi kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi, ga yadda abin yake. A ƙarƙashin dokar haya ta lardin, kula da wuraren da masu gida da 'yan haya suke tarayya a kansu a waje, har da kawar da dusar ƙanƙara, nauyin mai gida ne. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Ontario ta yanke cewa layin da aka cusa a takardar haya ana ɗora wa ɗan haya wannan aiki ba shi da ƙarfi. Idan ana so ɗan haya ya yi, sai an ƙulla yarjejeniya mai zaman kanta wadda ta fayyace aikin da lokacinsa da abin da za a biya. Saboda haka layi ɗayan da dattijon yake son ƙarawa ba zai amfane shi ba, ba zai amfani yaron ba. Akwai kuma tambayar ko dokar hayar ta shafi zaman nasa gaba ɗaya, domin wanda yake tarayya da mai gida a kicin ko banɗaki ba ya cikin kariyarta. A duba wannan.

Abin da ya sa nake dagewa a rubuta shi ne gudun ƙara a kotu. A nan idan mai kawo wasiƙa ko mai wucewa ya zame ya karye, lauyansa yakan haɗa duk wanda yake da hannu a kula da wurin, mai gida da wanda aka ɗauka aikin sharewa. Mai gida yana da inshorar gidansa. Ɗalibin da ya karɓi dala 100 me yake da shi? Inshorar 'yan haya da ɗalibai suke saya ba lallai ta rufe aikin da aka yi don kuɗi ba. Ya kamata takardar ta ce mai gida ne yake ɗauke da alhakin duk wanda ya ji rauni, kuma dattijon ya sanar da kamfanin inshorarsa. Sannan tunda aiki ne da ake biya, ko da ta hanyar ragi ne, ya tambayi ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje na jami'arsa yadda zai lissafa shi a cikin awannin aikin da takardar izinin karatunsa ta yarda masa.

Bazazzagi a Buffalo:
Gidan kusurwa! Baba, da an faɗi wannan tun farko da na fi tsananta magana. Gidan kusurwa hanyar ƙafa biyu gare shi, ta gaba da ta gefe, kuma ta gefen takan fi tsawo. Ga gangaren mahaɗar layi inda masu keken guragu da masu tura jarirai suke sauka, wanda motar turewa take cikawa duk lokacin da ta sha kwana. Idan akwai famfon 'yan kwana-kwana a wurin, ana son a buɗe kewayensa kamar mita guda. Lissafin murabba'in mita 60 da Malamin Samaru ya yi zai iya ninkawa.

Ina so kuma a rubuta iyakar aikin, saboda abin da muka gani a nan a Disamban 2022. Guguwar ta fara ranar Juma'a 23 ga wata, aka yi kusan awa 37 iska tana tafe da dusa har mutum ba ya ganin gidan da yake kallonsa, abin da ya zuba a filin jirgin sama ya haura santimita 125, mutum fiye da 40 suka rasu a yankin. An samu wasu a cikin motocinsu, wasu a kan titi sun fita neman abinci ko taimako, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, wasu kuma zuciya ce ta tsaya suna sharewa, motar asibiti ta kasa isowa. A irin wannan rana babu maganar fita da magariba a rage. Abin da ake yi shi ne a leƙa a buɗe bakin bututun hayaƙi da ƙofar fita, a koma ciki. Wanda dusa ta rufe motarsa kada ya tayar da ita don jin ɗumi sai ya tone bakin salansa. Idan wuta ta ɗauke, janareto a waje yake zama, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, kuma ba a ɗumama ɗaki da murhun girki ko gawayi. A bar famfo yana ɗiga don kada ruwa ya daskare ya fasa bututu. A tsananin sanyin da aka yi a jihar Texas ta Amurka a Fabrairun 2021, inda hukuma ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu, sanyi ne ya kashe mafi yawa, amma akwai waɗanda hayaƙin abin da suka kunna don su tsira ne ya kashe su. Saboda haka ya kamata takardar yarjejeniyar ta ce idan zubar ta wuce wani adadi, misali santimita 30, ko hukuma ta ce kowa ya zauna a gida, mai gida zai kira masu inji da kuɗinsa. Rufin gida kuma kada ya shiga ciki ko kaɗan. A Japan kusan kowace shekarar da dusa ta yi yawa sai an rasa rayuka wajen sauke ta daga rufi, kuma su da ita suka tashi.

Injiniya, Sabon Gari:
To, idan gidan kusurwa ne, maganin ai inji ne, ba fasa aikin ba. Dattijon da yake shirin yafe dala 400 a shekara zai iya sayen ƙaramin injin watsa dusa, ko na hannu ne, ya yi masa shekaru. Sharaɗi ɗaya zan kafa a matsayina na wanda ya san injuna: idan jiƙaƙƙiyar dusa ta toshe bututun, kada yaron ya sa hannu ko da ya kashe injin. Fankar da take ciki takan rage da ƙarfin juyi a danne, ana cire abin da ya toshe ta sai ta zabura, kuma ta haka yatsu suke tafiya. Da sanda ake zaƙulowa. Kada kuma ya tayar da mai amfani da fetur a cikin gareji a rufe, saboda dalilin da 'yar uwa ta Gyallesu ta faɗa.

'Yar Tudun Wada a Montreal:
Yaya Injiniya, injin yana taimakawa a mashigar mota da doguwar hanya, amma ba ya hawa matakala, kuma ƙananan ba sa iya cin tudun da motar turewa take bari, saboda haka shebur yana nan daram. Baba, kafin a sa hannu a komai, yaron ya kira kamfanoni biyu ko uku na unguwar da suke ɗaukar kwangilar share gida na hunturu guda, ya ba su adireshin, ya gaya musu gidan kusurwa ne kuma har da hanyar ƙafa da matakala da zuba gishiri. Kuɗin da suka faɗa shi ne ainihin farashin aikin a garin, da shi zai zauna da dattijon. Ya yi wannan kiran kafin Nuwamba ta ƙare, domin da an yi zubar farko layukansu ba sa shiga.